Dahiru Musdapher da nauyin kujerar Babban Joji

Duk takardar ƙarar da lauya ya shigar a babbar kotun jiha, bayan an biya kuɗi wurin rajistara, an buga mata hatimi, an ba ta lamba, ba kai tsaye take zuwa gaban alƙali ba. Sai ta fara bi ta teburin Babban Joji. Shi zai buɗe fayil, ya ga wa ke ƙarar wa, kuma a kan me, sannan ya ja biro ya rubuta a gefe: kotu ta 3, ko kotu ta 9. Rubutun bai cika layi guda ba, amma tsofaffin lauyoyi sun san cewa sau da yawa a nan ake gama rabin shari'a. Alƙalai ba ɗaya suke ba. Akwai mai zama ƙarfe tara daidai, akwai wanda ɗage zama ya zame masa jiki, akwai kuma wanda ba zai iya kallon idon gwamnati ya ce mata ta yi kuskure ba. Babban Joji ya san halin kowannensu kamar yunwar cikinsa.

Wannan biron ne marigayi Mai Shari'a Dahiru Musdapher ya riƙe a Kano har zuwa 1985. Yau idan aka ambaci sunansa, abin da ke faɗo wa mutane shi ne Alƙalin Alƙalan Najeriya, kujerar da wata 10 da rabi kawai ya yi a kanta. Ni kuwa a ganina, mai son fahimtar mutumin, da kuma abin da ya sa gyaran da ya ɗauko a ƙarshen aikinsa bai je ko'ina ba, to ya koma Kano. Cutar da ya tarar a Abuja a 2011, tun a kujerar jiha take farawa.

An haife shi ranar 15 ga Yuli 1942 a Ɓaɓura, garin kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, wanda a lokacin yana cikin lardin Kano, yanzu kuma yana jihar Jigawa. Sunan nan Musdapher ba wani baƙon suna ba ne, Musɗafa ne aka rubuta da salon boko na wancan zamani, ya bi shi har kabari. Gidan malamai ya fito. Ya yi elamantare a garinsu, ya yi midil a Birnin Kudu, ya wuce sakandaren lardi ta Kano, wadda ake kira Kwalejin Rumfa yanzu, makarantar da ta yaye Sani Abacha. Daga nan sai Kongo a Zariya, cibiyar koyon aikin mulki, inda gwamnatin Arewa ke shirya samari don karatun lauya. Sai Landan, inda ya yi karatu a SOAS, makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, ya zama lauya a Middle Temple, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin lauyoyin Ingila, a 1967, yana kuma ɗan leƙa Sashen Hausa na BBC ana jin muryarsa. A 1968 aka rantsar da shi lauya a Najeriya.

Sai an san Arewar da ya dawo ya tarar kafin a gane saurin hawansa. Lauyan farko daga Arewa, Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilorin, sai a 1955 ya samu. Su Muhammad Bello da Mamman Nasir da Buba Arɗo duk 'yan tsakankanin nan ne, kuma ana iya ƙirga su da yatsu. Babbar kotu a hannun Turawa take, da 'yan Indiya da Pakistan da mutanen kudu. Talaka kuwa ba ya ma zuwa can, shari'arsa tana gaban alƙalin En'e ko majalisar Sarki. Daga nan ma harshenmu ya samo kalmomi biyu: alƙali shi ne mai rawani da muhuti a gefensa, joji kuwa shi ne mai hular gashin doki. Har gobe gidajen rediyo na rikita su, wani ya ce Babban Joji, wani ya ce Alƙalin Alƙalai, alhali a da idan aka ce Alƙalin Alƙalai, kujerar da Malam Abubakar Gumi ya riƙe daga 1962 ake nufi, wato shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci.

Gyara biyu suka canza wannan tsari, kuma dukansu sun faɗo ne a ƙuruciyar Musdapher. Na farko, a 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, tare da wani alƙali daga Pakistan da Farfesa Anderson na SOAS. Shawararsu ce ta haifi dokar Fenal Kod da ta fara aiki a 1960, ta ɗauke hukuncin manyan laifuka daga fiƙihun Malikiyya zalla ta mayar da shi kan rubutacciyar doka guda. Na biyu, bayan soja sun karɓi mulki, aka rushe kotunan sarakuna, aka ƙwace kotunan alƙalai daga hannun En'e, aka mayar da su kotunan yanki, waɗanda mutane ke kira eriya kotu, aka ɗora su ƙarƙashin babbar kotu. Sabon tsarin ya fara aiki a 1968, shekarar da Musdapher ya fara sa baƙar riga. Ma'anar wannan ita ce, ikon da Sarki ke da shi a kan alƙalai tun zamanin Shehu, na naɗawa da canji da tsigewa, ya koma wani ofis a sakatariya. Wanda ke zaune a ofishin nan ya gaji wani yanki na sarauta, ko da ba a naɗa masa rawani ba.

Musdapher bai shiga ta ƙofar majistare ba. Aikin lauya mai zaman kansa ya yi na wasu shekaru, sannan a 1976 aka naɗa shi Antoni Janar kuma Kwamishinan Shari'a na jihar Kaduna. Ku lura da wannan: Bakano ne ya zama kwamishina a Kaduna, kuma sama ba ta faɗo ba. Lauyoyi sun yi ƙaranci, ba a da sukunin tambayar takardar shaidar ƙaramar hukuma. A 1979 ya zama alƙalin babbar kotun Kano, ba a jima ba kuma ya zama shugabanta. Shekararsa 37 da haihuwa, 11 da zama lauya, alhali doka shekara 10 take nema kafin mutum ya zama alƙalin babbar kotu. Da ƙyar ya haye sharaɗin, sai ga shi a kan gaba.

A nan ne labarin yake da ƙulli. Lokacin da ya iso, akwai wadda ta riga shi a kotun: Mai Shari'a Maryam Aloma Mukhtar. Ta riga shi zama lauya a Najeriya da shekara guda, ita 1967, shi 1968. Ta yi majistare, ta riƙe Babbar Rajistara ta ma'aikatar shari'ar Kano daga 1973, ta zama alƙaliyar babbar kotu a Janairun 1977, mace ta farko a jihar. A al'adar alƙalai, wanda ya riga rantsuwa shi ne babba, ko da kwana ɗaya ne. Duk da haka ba ita ta hau ba, kuma da ya tashi a 1985 ma ba ita aka bai wa ba. A 1987 aka ɗaga ta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, irin ƙarin girman nan da ke warware wa gwamnati matsala.

Ba na ɗora wa Musdapher laifin wannan. Ba shi ya naɗa kansa ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa bai iya aiki ba. Amma a bi lissafin a ga inda ya kai. Shi ya je Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1985, ita 1987. Kowannensu ya yi shekara 18 a can. Shi ya shiga Kotun Ƙoli a 2003, ita 2005. Da kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya ta faɗi a Agustan 2011, shi ne na gaba a layi. Da ita ce a gabansa, da ta hau a 2011 ta zauna har Nuwamban 2014 lokacin da ta cika 70, shi kuwa da ya yi ritaya a Yulin 2012 bai taɓa ɗanɗana kujerar ba. Shawarar da aka yanke a Kano fiye da shekara 30 baya ita ta tsara wanda zai shugabanci shari'ar ƙasa baki ɗaya.

Me ya sa gwamna ke damuwa da wanda zai zama Babban Joji har ya tsallake na gaba? Raba fayil ɗin nan da na fara da shi ɗaya ne kawai. Babban Joji ne shugaban hukumar ma'aikatan shari'a ta jiha, wadda ke ɗaukar majistarori da rajistarori da masinjoji, take ƙara musu girma, take korarsu. Ta hannun hukumar nan ake tura sunayen waɗanda ake so su zama sababbin alƙalan babbar kotu. Shi ke tsara dokokin tafiyar da ƙara. Shi ke ba da aron alƙali idan gwamnati za ta kafa kwamitin bincike. Bisa al'ada shi ke rantsar da gwamna. Kuma wata doka ta 1977 ta ba shi ikon shiga gidan yari ya saki wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ko wanda zaman jiran shari'arsa ya zarce hukuncin da za a yanke masa ko da an same shi da laifi.

Wannan na ƙarshen na taɓa gani da idona, a wata jiha, ina cikin 'yan rakiya. An kafa rumfa a tsakar gidan yari, Babban Joji na zaune da jami'in ma'aikatar shari'a a damansa, gandirobobi na kiran suna. Aka fito da wani saurayi, ya durƙusa.

"Yaro, me ya kawo ka nan?"

"Ranka ya daɗe, akuya aka ce na sata."

"Yaushe rabonka da kotu?"

"Ranka ya daɗe, tun ranar da aka kawo ni. Damina uku ke nan."

Aka nemi fayil, babu. Ɗan sandan da ya kawo shi an yi masa canjin wurin aiki, mai akuyar bai sake waiwayowa ba. Babban Joji ya ce a sake shi, ya zaro kuɗin mota daga aljihunsa. Mutane suka yi ta sa albarka, ni ma na sa. Sai a hanyar dawowa na tuna cewa majistaren da ya aika yaron nan ya manta da shi, ma'aikacin Babban Jojin ne. Kusan biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne, kuma ziyarar shekara-shekara ba ta taɓa rage wannan kaso ba.

Shekarun Musdapher a Kano ba na kwanciyar hankali ba ne. Gwamna huɗu ya gani: Abubakar Rimi, Abdu Dawakin Tofa, Sabo Bakin Zuwo, da Hamza Abdullahi na soja. A Disamban 1980 aka yi rikicin Maitatsine, wanda kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ce ya ci rai 4,177, kuma aka cika gidajen yari da waɗanda aka kama. A Yulin 1981, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, gari ya kama da wuta, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Fernandez. Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna don rage wa Kano ƙarfi, Bakin Zuwo ya zo a 1983 ya soke. Gwamnatin PRP a jiha, NPN a tarayya, 'yan sanda na tarayya, fada a gefe guda tana kallo. Kowane ɓangare yana son kotu ta zama tasa, kuma shugaban kotun bai wuce shekara 41 ba.

Sai ga juyin mulkin 31 ga Disamba 1983. Soja ba su rufe kotuna ba, kewaye su suka yi. Doka ta 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba, ta kuma hana kotu tambayar dalili. Doka ta 3 ta kafa kotunan soja na musamman don tsofaffin 'yan siyasa, soja ne shugaba, alƙali kuwa mamba ne kawai a gefe. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙaurace musu. A irin waɗannan kotuna aka ɗaure Rimi, aka yanke wa Bakin Zuwo hukuncin da idan an tara ya kai shekara 300. Gwamnonin jiharsa biyu ke nan aka yi wa shari'a, babbar kotun jihar ba ta da ta cewa. Duk alƙalin da ya girma a wannan zamani ya koyi darasi ɗaya: kotu tana rayuwa ne idan ta san inda za ta tsaya. Ina jin wannan darasin ya bi Musdapher har Kotun Ƙoli, kuma za mu ga alamarsa.

Akwai wani nauyi da shi bai ɗauka ba amma magadansa suka ɗauka. Lokacin da majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981, tsarin mulkin 1979 Kakakin majalisa ya bai wa ikon kafa kwamitin mutum bakwai mai bincike, wato mai ƙara shi ke zaɓen alƙalai. Masu rubuta tsarin mulkin 1999 suka ce a gyara, suka mayar da ikon hannun Babban Joji a sashe na 188. Niyya mai kyau ce, amma ta jefa kujerar cikin tsakiyar kasuwar siyasa. Tsakanin ƙarshen 2005 da ƙarshen 2006 aka tsige gwamnonin Bayelsa da Oyo da Ekiti da Anambra da Filato. A Ekiti majalisa ta dakatar da Babban Joji don kwamitin da ya kafa bai yi mata daɗi ba, ta naɗa wani, har aka wayi gari da dokar ta-ɓaci. A Filato 'yan majalisa ƙalilan ne suka tsige Joshua Dariye. Kotun Ƙoli, wadda Musdapher ke cikin alƙalanta a lokacin, ta mayar da Rashidi Ladoja na Oyo da Dariye, hukumar NJC mai kula da alƙalan ƙasa kuma ta hukunta wasu daga cikin shugabannin kotunan da suka ba da hannu. A 2014 abin ya sake faruwa nan kusa: kwamitin da muƙaddashin Babban Jojin Adamawa ya kafa ya kai Murtala Nyako ƙasa, daga baya kotu ta ce tsigewar haramtacciya ce bayan wa'adi ya wuce, shi kuwa kwamitin Nasarawa ya wanke Tanko Al-Makura. Gwamnan da ya san wata rana kujerarsa na iya rataya a kan sunaye bakwai da mutum ɗaya zai rubuta, ba zai yi sakaci da wanene mutumin ba.

Shi ma Babban Jojin yana da abin tsoro, kuma kuɗi ne. Albashin alƙalan manyan kotuna ta hannun NJC yake fitowa, amma ginin kotu da motar alƙali da gidansa da man janareta da takardar rubutu, duk sai an je gidan gwamnati. Sashe na 121 na tsarin mulki ya ce a miƙa wa shugabannin kotuna kuɗinsu kai tsaye, gwamnoni suka yi kunnen uwar shegu. Ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta JUSUN ta ci nasara a kotu a 2014, ba a aiwatar ba. Buhari ya sa hannu kan umarnin shugaban ƙasa na 10 a 2020 don a riƙa cire kuɗin daga tushe, ma'aikata suka rufe kotunan ƙasar nan sama da wata biyu daga Afrilun 2021, sannan Kotun Ƙoli da kanta ta soke umarnin a Fabrairun 2022, ta ce shugaban ƙasa ya wuce gona da iri. Sai ka ga gwamna ya tara 'yan jarida yana miƙa wa alƙalai makullan motoci, ana tafi, Babban Joji na jawabin godiya. Gobe kuma ƙarar da aka kai gwamnan tana kan teburinsa tana jiran biro. Bakin da ya ci shi ke jin nauyi.

Shekara 18 ɗin da Musdapher ya yi a Kotun Ɗaukaka Ƙara aikin zagaye ne daga wannan reshe zuwa wancan, irin wanda sai lauyoyi ke sanin darajarsa. A Kotun Ƙoli ne jama'a suka san shi, kuma shari'ar da ta fi nuna halinsa ita ce ta zaɓen 2007. Zaɓe ne da shi kansa Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa a ranar rantsuwarsa cewa yana da naƙasu. A ƙarar Buhari, maganar ta tsaya kan takardun jefa ƙuri'a da aka buga ba lambobi a jere, alhali dokar zaɓe ta wajabta. Ranar 12 ga Disamba 2008 alƙalai bakwai suka rabu huɗu da uku. Oguntade da Onnoghen da Aloma Mukhtar suka ce a soke zaɓen. Kutigi da Katsina-Alu da Niki Tobi da Musdapher suka ce mai ƙara bai nuna yadda saɓa dokar ya canza sakamako ba. Tsofaffin abokan aikin nan biyu na Kano, kowa ya tsaya a ɓangarensa, kuma da Musdapher ya karkata ɗaya gefen da an sake zaɓen shugaban ƙasa. Hujjar masu rinjaye tana da tushe a doka, tun shari'ar Awolowo da Shagari ta 1979 ake bin ta. Amma hujja ce da ke ɗora wa wanda aka zalunta nauyin kawo shaida daga rumfunan zaɓe sama da 100,000 cikin 'yan watanni, kuma har yau babu wanda ya taɓa iya ɗauka. A Disamban 2011 ma, yana shugaban kotun, aka tabbatar da zaɓen Jonathan.

Kada a ɗauka kullum gefen masu mulki yake bi. A Janairun 2012 kotun da yake jagoranta ta sauke gwamnoni biyar rana ɗaya, na Sakkwato da Adamawa da Kogi da Bayelsa da Kuros Riba, waɗanda suka so a fara ƙirga musu wa'adi daga rantsuwarsu ta biyu bayan zaɓen da aka sake. Dukansu 'yan jam'iyya mai mulki ne. A watan da ya biyo baya kotun ta yanke hukuncin da ya fi shafar tsohuwar kujerarsa: shari'ar Mai Shari'a Raliat Elelu-Habeeb, Babbar Jojin Kwara da gwamna da majalisa suka cire a 2009. Kotun Ƙoli ta ce ko majalisa ta samu biyu bisa uku, ba a cire Babban Joji sai an bi ta NJC. Wannan hukunci shi ne garkuwar da shugabannin kotunan jihohi ke fakewa a bayanta har yanzu.

Musdapher ya hau kujerar ƙoli ne ranar 29 ga Agusta 2011, gidan na ci da wuta. Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, Ayo Salami, ya zargi Alƙalin Alƙalai Katsina-Alu da yi masa katsalandan a shari'ar zaɓen gwamnan Sakkwato tsakanin Wamakko da Maigari Dingyaɗi, ya kuma ce Musdapher na wurin lokacin da aka yi zancen. Haka Musdapher ya tsinci kansa shaida a rigimar manyan alƙalai biyu na ƙasa. Kwana 11 kafin ya hau, NJC ta dakatar da Salami. Abin lura, rigimar tushenta tambayar nan ce da muka fara da ita: wa ke da ikon zaɓen alƙalan da za su saurari ƙara, wa kuma ke da ikon rusa su.

Ya yi abin da zai iya cikin ɗan lokacin da yake da shi. A Oktoba ya kafa kwamitin gyaran shari'a na kusan mutum 30 ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais. Ya fito fili ya amsa cewa jama'a sun yanke ƙauna da kotu, abin da manyan alƙalai ba su saba faɗa ba. Ya caccaki cinikin hukunci, wato yarjejeniyar da ɓarawon gwamnati ke yi ya amsa ƙaramin laifi ya mayar da wani abu a yi masa sassauci, ya ce baƙuwar al'ada ce mai asali abin zargi. Mutane sun ji daɗin maganar, domin sun ga tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Tafa Balogun da tsohuwar shugabar banki Cecilia Ibru kowanne ya tashi da ɗaurin wata shida, tsohon gwamnan Edo Lucky Igbinedion kuma da tarar naira miliyan 3.5. A nan dai ina ganin zuciya ta rinjayi lissafi: a ƙasar da shari'ar tsohon gwamna ke shekara 10 ba a gama ba, ciniki mai ƙa'ida ya fi babu. Majalisa ma haka ta gani, a 2015 ta shigar da shi cikin dokar tafiyar da shari'ar laifuka. A Mayun 2012 NJC ƙarƙashinsa ta ce a mayar da Salami, Jonathan ya ƙi motsi, Salami ya yi ritaya a 2013 bai koma ofis ba. Gab da saukarsa Musdapher ya kai wa majalisar tarayya buƙatun gyaran tsarin mulki sama da 50, ciki har da rage ƙararrakin da ke isa Kotun Ƙoli. Mafi yawansu suna nan a takarda.

Ba rashin niyya ba ce ta kashe gyaran. Layin girma da ya kai shi kujerar shi ne ya hana shi lokacin zama a kanta. Uwais ya yi kusan shekara 11, daga 1995 zuwa 2006. Daga nan zuwa 2016 kuwa mutum shida suka hau suka sauka: Belgore, Kutigi, Katsina-Alu, Musdapher, Aloma, Mahmud Mohammed. Belgore wata bakwai ya yi. Ma'aikaci da ɗan majalisa duk sun san ranar haihuwar shugaban, don haka idan ya zo da gyara mai ɗaci, abin da suke bukata kawai shi ne su yi haƙuri. To amma idan aka ce a bar bin layi a zaɓi wanda ya cancanta, wa zai zaɓa? Gwamna ko shugaban ƙasa, kuma Kano ta nuna yadda wannan zaɓin ke kasancewa. Ribas ta ƙara nunawa: daga 2013 Gwamna Amaechi ya nace kan mutum ɗaya, NJC ta nace kan Daisy Okocha wadda ita ce gaba a babbar kotu, kotunan jihar suka kasance a rufe kusan shekara guda, sai da Wike ya zo a 2015 ya rantsar da ita. A Kebbi da Gombe da Kuros Riba ma an yi irin wannan jan-in-ja, kuma a duka ukun mace ce ke gaba a layi. Bin layi yana kawo shugaba mai gajeren wa'adi, tsallake layi yana kawo shugaba mai bashin godiya. Ban ga wanda ya warware wannan ba tukuna.

Biron nan kuwa bai daina jawo magana ba. A 2021 Alƙalin Alƙalai Tanko Muhammad ya kira shugabannin kotunan jihohi shida saboda umarni masu karo da juna, ciki har da na Jigawa, bayan wata babbar kotu a Birnin Kudu, garin da Musdapher ya yi midil, ta yanke hukunci kan rikicin shugabancin jam'iyyar APGA ana gab da zaɓen gwamnan Anambra. A Mayun 2024, da rikicin masarautar Kano ya dawo, kotun tarayya na cewa kaza kotun jiha na cewa akasinsa a mako guda, Alƙalin Alƙalai Ariwoola bai kira waɗanda suka ba da umarnin ba tukuna, shugabanninsu ya fara kira.

Musdapher ya cika 70 ranar 15 ga Yuli 2012 ya sauka. Washegari aka rantsar da Aloma Mukhtar a madadinsa, mace ta farko a kujerar. Ya rasu a Landan ranar 22 ga Janairu 2018, yana da shekara 75. Kano kuwa ta yi muƙaddashiya mace, Patricia Mahmoud, ba a tabbatar da ita ba, ita ma daga baya aka ɗaga ta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Sai a 2023 aka rantsar da Mai Shari'a Dije Aboki a matsayin cikakkiyar Babbar Jojin jihar, shekara 46 bayan Aloma ta fara zama a wannan kotu.